Kan Jirgin da Malam Sheƙi Ya Tsufar

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana yaron gareji. Sheƙi kowa ke ce masa, da furfura ta fito aka ƙara Malam a gaba. Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Ka kawo masa motar da ta sha karo ta sha rana, sai ya kankare ta, ya cike ramukan, ya goge, ya fesa mata fenti har ka hango haƙoranka a jikin ƙofa. Ba shi da fara'a, bai iya lallashin mai mota ba, kuma ba a taɓa jin ya yabi aikin wani ba. Amma hannunsa ba ya rawa, fentinsa ba ya zubar da hawaye.

Fentin da ya ciyar da shi ne ya cinye masa ƙirji. Likita ya ɗaga hoton huhunsa ya ce in ya ƙara shaƙar tina, ruwan nan mai wari da ake sirka fenti da shi, to ya yi sallama da iyali tun da wuri. Malam Sheƙi ya bar gareji ya dawo gida, gidan kuwa ya yi masa kaɗan. Ya riƙa bin matarsa har kicin yana duba gindin tukwane.

"Wannan baƙin fa? Ba kya gani ne?"

"Malam, tukunya ce, ba motar haya ba," in ji ta. "Fita ka ba ni wuri."

Babban ɗansu ya zo da shawara, irin shawarar da an riga an yanke. Za a rufe gidan, a mayar da su wurinsa a wani gari, a ba su ɗaki a bene. Akwai kujera mai laushi a gaban talabijin. Malam Sheƙi ya san irin kujerar nan. Ya ga sa'o'insa sun zauna a kanta, bai ga wanda ya tashi ba.

"Aikin me ya rage maka a nan, Baba?" ɗan ya tambaya. Aka tsayar da magana a kan idan yara sun yi hutun makaranta za a zo da mota.

Ana cikin haka sai ga Kafinta, abokinsa tun na ƙuruciya, rungume da wani abu a cikin tsumma. Da ya kwance sai ga kan jirgin ƙasa irin na da, mai cin kwal, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Da katako da gwangwani da waya ya ƙera shi. Ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirgi ce ta ba shi aikin, suna so su ajiye a zaurensu. In aikin ya gamsar da su, za su sa a yi taragu da tasha da gada, aikin da zai ci shekaru.

"Na yi nawa, fenti ya gagare ni," in ji Kafinta. Ya buɗe wani ɗan akwati. Bindigogin feshi uku ne a kwance, kowace kamar biro, da ɗan kofi a kanta. "Fentin da ruwa ake sirka shi, ba wari."

Malam Sheƙi ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Mai faɗin baki ce kawai ya ga ta yi kama da kayan aiki. Ta tsakiya ya ce ta mata ce. Ƙaramar, mai allura kamar gashi, ya mayar da ita akwati ya ce a kai wa masu lalle.

Likita ya yarda, da sharaɗin takunkumi da buɗaɗɗiyar taga. Aka kwashe tarkacen ɗakin ajiya, aka sa tebur da ƙaramin kwamfiresa na hura iska, mai gurnani kamar kyanwa. Ranar farko ya yi abin da ya saba, ya danna kunamar bindigar har ƙarshe ya yi shara da hannu tun daga kafaɗa. Kafin ya ƙifta ido kan jirgin ya jiƙe jagab, fenti ya toshe tagogi, ya cike tsakanin ƙafafu. Ya wanke, ya shanya, bai gaya wa kowa ba. A hankali ya gane cewa nan wuyan hannu ke aiki, kafaɗa hutu take yi. Da mai faɗin bakin ya yi shimfiɗa, ya bi da baƙi, ya bi da mai ƙyalli. Jan layin gefe ne ya tilasta masa ɗaukar ta tsakiya, don babbar tana watsa fenti har kan rufi. Ya yi amfani da ita yana tsaki, layin kuwa ya fita sak.

Ranar da suka kai zauren, kan jirgin yana ɗaukar ido. Tsofaffi suka kewaye tebur. Malam Sheƙi ya harɗe hannu yana jiran abin da ya saba ji. Ba wanda ya yaba. Can wani tsohon direba, mai sanda da tabarau mai kauri, ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Wannan na wace amarya ce?"

Aka kwashe da dariya.

"Malam, ka iya fenti, ba musu," in ji Direba. "Amma wannan bai taɓa tafiya ko nan da ƙofa ba. Ina hayaƙin? Ina tsatsar? Namu in ka jingina da shi sai matarka ta hana ka shiga ɗaki. Wannan a kai wa jikoki su ja da zare."

Malam Sheƙi ya naɗe kayansa bai yi sallama ba. A gida ya zauna a ƙofar kicin yana huci.

"Ni za a ce in yi datti? Duk rayuwata tsoho nake mayarwa sabo."

"To yanzu sai ka mayar da sabo tsoho, ai kai ma hanyar da ka bi ke nan," in ji matar. Ta kife wata tukunya a gabansa. "Tunda ka iya sa ido, duba. Baƙin nan ba shafa shi aka yi ba. A gindi ya yi kauri, yana hawa yana sirancewa, har ka rasa inda ya ƙare. In za ka iya wannan, yi. In ba za ka iya ba, in fara ɗaure kaya, hutu ya kusa."

Ya daɗe yana juya tukunyar. Kashegari ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya je gidan mutumin da ya ci masa fuska ya ce a koya masa. Direba ya ji daɗi ƙwarai, don ya daɗe bai samu mai sauraro ba. Ya ce hayaƙi ba ya tsayawa a bakin bututu, baya yake kwantawa a kan rufi saboda iska. Inda ruwan zafi ke ɗiga akwai farin zane kamar hawaye. Matakala ta goge fes a tsakiya saboda takalma, gefenta ne ke tsatsa. Ƙafafu kuwa mai da ƙura sun haɗu sun zama wani launi da ba shi da suna.

Da ta tsakiya ya fara kashe ƙyallin. Yana fesawa yana jin kamar fatarsa yake kankarewa. Sannan ya ciro ƙaramar da ya raina. Ita kuwa ta rama. Fenti in ya yi kauri kaɗan sai ta toshe, in ya yi ruwa sai ta yi tofi. Ya lanƙwasa allura ɗaya garin wanki, Kafinta ya yi yawon kantuna kafin ya samo wata. Sai da ya tsinka fentin kamar shayin marowaci, ya rage iska, ya matso da bakin har ya kusa taɓa rufin. Ya danna don iska ta fito, ya ja kunamar baya kaɗan, kaɗan ƙwarai. Abin da ya fito ba a ganinsa. Sai a bi na biyar ko na shida wata inuwa ta fara kwantawa a bayan bututun, mai kauri a gindi, tana sirancewa. Ya ajiye bindigar ya kira matarsa.

Ta leƙa ta ce, "Yanzu ka fara ƙazanta irin ta masu hankali."

Hutu ya zo, ɗan ya iso da mota ana gobe za a mayar da aikin. Shi ya kai su zauren, yana duba agogo. Aka kwance tsumma. Direba ya sunkuya har tabaransa ya kusa taɓa rufin. Ya bi farin zanen da ido, ya duba matakala. Sai ya laluba aljihu ya ciro hankici, ya naɗe a yatsa, ya shiga goge gefen ƙaramar tagar da direba ke leƙowa. Ya duba hankicin, fari tas. Ya sake gogewa da ƙarfi.

"Wane malalacin ne ya bar shi haka?" ya ce.

"Kai ne!" in ji wani tsoho daga baya, wanda ya yi masa aikin zuba kwal. "Yaushe ka taɓa goge taga? Ni kake sawa!"

Zaure ya kaure. Wannan na cewa a nan ya ƙone hannu, wancan na nuna inda yake rataye butar shayi. Shugaban ƙungiya ya buga tebur ya ce magana ta ƙare, taragu da tasha da gada duk na Kafinta da Malam Sheƙi ne, kuma kada a kuskura a kawo musu ko ɗaya da tsabta.

Ɗan ya matso kusa da uban. "Baba, to maganar tafiya fa?"

"Ka gaida mini yaran. Ka ce su zo su ga jirgi." Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ina da aiki."

Ɗan ya kalli kan jirgin, ya kalli tsofaffin da ke ture juna a kansa, ya mayar da makullin mota aljihu.

"Taragon shanu za ka fara yi," in ji Direba, yana nuna shi da sanda. "Amma ka sani, wancan ba a gane shi sai da wari. Bindigarka tana fesa wari?"

"Ku kawo shanun," in ji Malam Sheƙi. "Sauran nawa ne."