Mai Sanyin Hannu na Kasuwar Jega

Ni ɗan manomin albasa ne daga wani ƙauye a ƙasar Maiyama. Sunana ba zai amfane ku da komai ba. Abin da Allah ya ba ni tun ina ƙarami shi ne baki: in na soma labari a bakin rijiya, sai mata su mance da guga a ciki. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba a lokacin, noma nake yi, ina sallata.

Shekarun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, kowa cewa yake gari ya buɗe. Na ajiye fartanya na tafi Jega ina dako a tasha. Can na gamu da mutum biyu, Na-Allah da Ɗanjimma, waɗanda kullum cikin wankakkun kaya suke, ba wanda ya san sana'arsu. Da ƙaramin abu muka fara. In na ga baƙauye yana waige-waige, sai in ce masa lungun can akwai 'yan sane, bari in raka shi, ya ba ni na goro. Ƙarya ce, amma na ce wa kaina ai ba ƙwace na yi ba.

Daga nan muka ƙirƙiro abin da muke kira wasa. Bayan tasha, ƙarƙashin wata rumfa, nakan zana garin a ƙasa da tsinke: ga mahauta, ga layin 'yan albasa, ga hanyar Aliero. Kowane lungu in aza masa tsakuwa, in raɗa masa bala'insa. Nan rijiya mai aljani, can tsamiyar da ke kiran sunan mutum. Sai in raba wa kowa rawar da zai taka. Dariya muke yi har da riƙe ciki.

Wanda ya fi ci shi ne Mai Sanyin Hannu, kuma ni na haife shi da bakina. Na ce akwai wani mutum a kasuwa, in ya ba ka hannu ka ji sanyi, to ya tafi da kurwarka, ba ka kwana bakwai. Na-Allah yakan dunƙule ƙanƙara a tsumma cikin aljihu, ya yi wa baƙo sallama, ya miƙa hannu, ya ɓace cikin jama'a. Sai in faɗo a guje.

"Bawan Allah, ka gaisa da wanga mutum? Mi kaj ji ga hannunai?"

"Sanyi," in ji shi.

Sai in yi salati, in ja shi wurin Ɗanjimma, wanda ya sha rawani ya zama malam. Duk abin da mutum ya zo da shi kasuwa, nan zai bar shi, yana godiya an ceci ransa.

Ana cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. To tawa ta yi. Labarin ya bar hannunmu, ya shiga motoci, ya kai Kimba, ya kai Sarandosa. Har na ji wani mahauci yana rantsuwa cewa ya san mutum uku da suka mutu. Mutane suka fara sa hannu a aljihu in an yi musu sallama.

Wata ranar kasuwa da azahar, Baba Ango ya shigo daga Giwa Tazo. Aminin mahaifina ne, dattijon da ba ya wuce kowa sai ya tsaya ya gaisa, ya tambayi gida da gona. Ya yi alwala da ruwan randa, ya fito, ya miƙa wa wani mai buhuna hannu. Mutumin ya fizge nasa ya ƙwala ihu.

"Ga shi nan! Shi na! Mai Sanyin Hannu!"

Kafin ka ce kwabo an yanyame shi. Ina tsaye, tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Ya gan ni, wallahi ya gan ni, ya kira ni da sunan da uwata ke kirana, sannan ya ce:

"Ɗana, gaya musu ko ni wane ne!"

Kalma ɗaya ta isa. In ce ƙarya ce, ni na shirya ta. Amma na san in na faɗa, sandunan nan kaina za su dawo. Ni mai baki, ranar na rasa baki. Na juya na shige layin 'yan albasa. 'Yan sanda ne suka ƙwace shi da rai, amma an farfasa hannun damansa, har masu ɗorin Aliero suka ce ba yadda za su yi.

Ba a jima ba asirinmu ya tonu. Wani da muka cuta ya ga malamin, Ɗanjimma, da Mai Sanyin Hannu, Na-Allah, suna cin tuwo kwano ɗaya. Aka kama mu, alƙali ya ɗaure mu. A gidan kaso babu abin da ya dame ni kamar muryar nan. Ko cikin sahu nake, sai in ji ana cewa, gaya musu ko ni wane ne.

Da aka sake ni, Giwa Tazo na nufa kafin gidanmu, don in nemi gafara. Na tarar Baba Ango ya rasu da shekara biyu. Babban ɗansa, Umaru, ya saurare ni har na gama, bai zage ni ba.

"Hannun bai dame shi ba," in ji shi. "Abin da yac ci shi, tun rannan bai ƙara gaisawa da kowa ba. Ko an sallame salla, sai shi sunkuyar da kai shi fita. Mutumin da ka sani da son gaisuwa."

Na yi kuka kamar yaro. Na tuba, kuma ina roƙon Allah kullum, amma wanda zai ce ya yafe yana cikin ƙasa.

Samari, ku ji ni. In kun shiga gari, ku ji tsoron mai saurin ba ku tsoro, domin sau da yawa shi ne haɗarin. Kada ku ɗaga sanda don kun ji ihu. Kuma kada ku raina ƙaramar ƙarya don ta kawo na goro. Ku ke sakinta, amma ba ku da ikon kiranta ta dawo.

Bara na shiga mota daga Aliero zuwa Jega. Wani ɗan kasuwa kusa da ni ya ɗauka baƙo ne ni, ya ce in kiyayi Mai Sanyin Hannu, har yau yana nan. Na ce, "Alhaji, babu shi. Ni na ƙirƙire shi da bakina." Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya matsa jikin ƙofa. Har muka sauka hannayensa na cikin aljihu.