Muryar Dattijon Da Na Saki

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne a Gumel, ga zafin nema, ga son a yabe ni. Wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin naɗar muryoyin tsofaffi don adana tarihin garuruwanmu a intanet. Duk wata nakan rubuta rahoton yawan waɗanda suka saurara, da shi ake auna ƙoƙarina.

A wani ƙauye wajen Gagarawa na samu wani dattijo da ya san asalin kowane gida. Ya karɓe ni kamar ɗansa, muka kwana uku muna hira. Ana cikin haka ya ambaci wani babban gida, ya ce kakansu bawa ne da aka sayo. Nan take ya riƙe hannuna, ya roƙe ni in goge wurin, domin jikokin nasa mutanen kirki ne, ɗayansu ma shi ne limamin ƙauyen. Na yi masa alkawari, amma ban goge ba, na ɗora muryar a shafinmu yadda take. Na san wurin ne zai ja mutane.

Ya kuwa ja su. Wani ya yanko daidai wurin ya watsa a waya, har a kasuwannin Maigatari da Sule Tankarkar ana kunnawa. Wasu suka daina bin limamin salla, ya ajiye limancin da kansa. Dattijon ya daina fitowa ko ƙofar gida. Na sauke muryar daga shafinmu, amma ta riga ta shiga wayoyin da ban san adadinsu ba. Da na kai kuka wurin shugabana, cewa ya yi ba a taɓa sauraron aikinmu kamar haka ba, in sa shi a farkon rahoto. Da hannuna na rubuta. Ina da iyali, na kasa barin aikin, ƙauyen kuma na kasa komawa.

Daga baya da na daure na je, dattijon ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi iyalina. Zan tashi ya tambaye ni ko akwai hanyar da za a dawo masa da maganarsa. Ya rasu kafin kaka.

Na gane cewa yawan masu sauraro ba ya nuna wanda aka cutar. Masu irin aikina, murya amana ce. In mai ita ya ce a goge, ku goge a gabansa, domin ranar da ta fita ba ku da iko da ita, shi ma ba shi da shi.