Dogara da Katin Zayyad

Shekara goma sha ɗaya ke nan Dogara Zailani yana raka ni kasuwa a Guangzhou. Shi ne tafintana a kasuwannin Shahe da Shisanhang, shi yake faɗa da laoban, wato masu shago, a madadina, shi yake tsayawa a kan kayana har a ɗaure su. Ba mutumin banza ba ne. Wauta ya yi, babba, kuma har yau da nake wannan rubutu haushinsa bai sake ni ba.

Ɗan Yakasai ne. Karatun injiniya ya kawo shi ƙasar nan. Ya yi shekara guda yana koyon Sinanci, ya yi biyu a aji, sai mahaifinsa ya rasu, ƙannensa suka dawo wuyansa. Ya ajiye littafi ya kama aiki da wani kamfanin tura kaya. Yanzu shekarunsa arba'in da ɗoriya, furfura ta fara fito masa, yana ɗan ɗingishi a ƙafar hagu tun wata karaya da ya samu a fili. Iyalinsa suna Kano, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ba ya shan taba, ba ya yawo. Abu ɗaya ne ya riƙe masa zuciya, ƙwallo.

Jami'o'in garin suna da gasar ɗaliban ƙasashen waje, ana yi duk shekara idan sanyi ya wuce. Tsohuwar jami'ar Dogara tana da ƙungiya, yawancinsu yaranmu ne, na Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Shi ne kocinsu, ba wanda ya naɗa shi, ba wanda yake biyansa. Hukumar makaranta ta ba shi takardar shiga ƙofa saboda sun san shi. Duk Lahadi da safe yana can da usur a wuya. Idan watan Satumba ya kama, sababbin ɗalibai suna sauka, zai je ya tsaya a bakin ɗakunan kwanansu. Kafin ya tambayi yaro sunansa sai ya tambaye shi, "Lamba nawa kake bugawa?" Har bidiyo ake turo masa daga gida, a ce ga wani ya samu gurbin karatu, ƙafar hagu yake bugawa, a tare shi kafin wata jami'ar ta ɗauke.

Ƙungiyar tana da zaure a WeChat, mutum kusan ɗari uku. Ɗalibai ba su kai arba'in ba. Sauran 'yan kasuwa ne, masu teɓa, waɗanda ko bene hawa biyu ba sa iya hawa sai sun tsaya sun huta, amma kowa ya fi koci sanin ƙwallo. Ni ma an saka ni ciki don na taɓa ɗinka wa yaran riguna. Ban cika magana ba, amma ina saurare.

Dokar gasar a fili take. Sai ɗalibi. Kafin a shiga fili kowa zai miƙa katinsa na makaranta a teburi, wasu ɗalibai 'yan ƙasa su duba hoto, su dubi fuska, su rubuta suna. Wasu ƙungiyoyin sun daɗe suna ha'inci a nan. Sai su nemo ƙato daga kasuwa, su ba shi katin wani, su ce ai Sinawa ba sa bambance fuskar baƙar fata. Sojan haya ake kiransu. Shekara tara Dogara yana ƙin yin haka, shekara tara ana cire shi tun a zagayen farko. A zaure har suna suka laƙa masa, Liman.

Bana yaran suka yi abin kirki da ƙafarsu, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Saura kwana biyar, Saifullahi, mai ci musu ƙwallo, ya gurɗe a gwiwa. Zaure ya kama da wuta. Ranar muna Shahe, ina zaɓen dogayen riguna, wayar Dogara tana ta ƙara, yana buɗe saƙonnin murya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kowa baki shi ne Alhaji Alhasan, dillalin takalma.

"Liman, ka ji tsoron Allah," in ji Alhasan. "Shekara tara muna zuwa muna shan rana, 'yan Ghana suna mana dariya. Ga Abdoulaziz ɗan Damagaram ya zo sayen kaya, ya buga wa kulob a Yamai. Ka sa shi mana, ko sai mun haɗa ka da iyayenka?"

Wani ya ce, "Ku rabu da shi, Alhaji. Kofi meiyou, babu, in ji Sinawa, bana ma meiyou. Lada yake nema."

Wani ya turo hoton Dogara an zana masa rawani.

Na ce masa, "Kashe wayar nan, ka tambayar mini wannan matar ko tana da ruwan toka."

Ya kashe. Amma na ga yadda ya yi shiru duk yinin. Na ɗauka haushi ne. Ashe lissafi yake.

A jerin sunayen ƙungiyar akwai Zayyad Sha'aban. Ɗan maƙwabciyata ne a Gwammaja, a gabana aka haife shi. Duk zuwan da zan yi, uwarsa Habsatou sai ta ba ni yaji da kilishi in kawo masa. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a karatun harhaɗa magunguna, saura wata uku ya gama, kuma gwamnati ce ke ɗauke da karatunsa. Ƙwallon ma bai iya ba. An rubuta sunansa ne don a cika adadi, benci yake ɗumamawa. Shi ne wanda Dogara ya je ya samu ranar Alhamis, ya nemi aron katinsa.

Daga baya na tambayi Zayyad, "Kai ba ka da baki ne? Ba ka iya cewa a'a ba?"

Ya ce, "Gwaggo, Koci ne fa. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi. Shi ya kwana da ni a asibiti lokacin da na yi zazzaɓi. Ya zo har ɗakina ya zauna a bakin gado ya ce in taimake shi. Ta yaya zan kalli idonsa?"

To, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Dogara ya san yaron ba zai iya ƙi ba. Da wani fitsararre ya nema, da an ce masa ya kama gabansa. Sai ya zaɓi mai kunya.

Ranar Asabar da la'asar na je kallo, ban san komai ba. Muna zaune a kan matakala, lasifika ta kira sunayen 'yan wasa. Na ji an ce Zayyad Sha'aban, lamba tara. Na miƙe don in gan shi. Sai ga wani dogo mai gemu, ya fi Zayyad tsawo da kai guda, ya ɗaga hannu. Na juya na dubi Alhasan, yana bayana da 'yar tutarsa.

Na ce, "Alhaji, wane ne wancan?"

Ya ce, "Zayyad ne mana, Hajiya. Abincin Sin ya karɓe shi."

Suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Abdoulaziz, mai gemun nan, ya ci biyu. Aka tashi biyu da ɗaya. Manya masu jikoki suka ruga cikin fili suna tsalle, suka ɗaga Dogara sama. Kafin magariba bidiyo ya cika zaure, kowa yana turawa gida. Ba wanda ya tuna cewa jami'ar ma tana da shafinta na labarai, kuma ta turo mai ɗaukar hoto. Ranar Litinin suka buga labarin, da ƙaton hoton mai gemu, a ƙasa an rubuta sunan Zayyad da sashen karatunsa.

Dogara ya ce wa Zayyad ya ɓuya ranar wasan, kada a gan shi. Yaro mai hankalin karatu, ina zai ɓuya? Sai ya tafi ɗakin gwaje-gwaje. Malamarsa, wadda take duba aikinsa shekara biyu, tana ciki. Tare suka yini, har ta raba masa lemon da ta zo da shi. Ita ce za ta kasa gane fuskarsa? Da ta ga hoton, ta kira shi, ta juyo masa da waya, ta tambaye shi ko yana da ɗan'uwa mai sunansa. Bai iya ƙarya ba. Ya sunkuyar da kai.

Ofishin ɗaliban waje ya ba shi takarda. Laifin shi ne ba da aron katin shaida don a yaudari hukuma. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, kuma a cikin hukuncin da aka lissafa akwai kora. Shekara biyar na karatu, saura wata uku.

Zauren nan mai mutum ɗari uku ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Waɗanda suka turo bidiyo suka bi suna gogewa. Abdoulaziz ya riga ya hau jirgi da kayansa, shi bai ma taɓa haɗuwa da mai sunan da ya ara ba. Sai ranar Talata Alhasan ya yi magana. Ya ce a dage da addu'a, kuma yaro ya ce katin sace masa aka yi.

Na danna waya na ce, "Alhasan, kai ka kawo shawarar farko, ga inda ta kai mu. Yanzu ka kawo ta biyu, yaro ya ƙara ƙarya a kan laifi, a makarantar da kowace kusurwa akwai kyamara. Idan kana da ta uku, ka riƙe abarka. Ranar Alhamis ƙarfe tara za a zauna, ka zo ka faɗa musu da bakinka."

Ya ce yana da kwantena a Foshan ranar.

Dogara kuwa kwana biyu bai ɗaga wayata ba. Ranar Laraba na shiga tasi na same shi a sito, a Liwan, yana zaune a kan dila yana kallon ƙasa. Ya miƙe zai gaishe ni.

Na ce, "Riƙe gaisuwarka. Gobe za ka je?"

Ya ce, "Hajiya, idan na je, sunana zai shiga takarda. Wata biyu ya rage in sabunta izinin zama. Idan suka kai maganar gaba fa? Ina da 'ya'ya huɗu."

"Habsatou ɗaya gare ta."

"Wataƙila gargaɗi kawai za su yi masa. Yaron yana da maki mai kyau."

"Wataƙila. Da ka je ɗakinsa, 'wataƙila' ka ce masa? Ko ce masa ka yi ba abin da zai faru?"

Ya koma ya zauna a kan dilar.

Na ce, "Kai ka san yadda ake barin makarantar nan ba takarda. Kai mutuwar uba ce ta fitar da kai, ba laifin kowa. Shi kuma kai ne za ka fitar da shi, a kan kofin roba da aka shafa wa ruwan gwal. Shekara tara ana maka dariya ba ka mutu ba."

Ya ce, "Sau ɗaya nake so in ga mun ci, Hajiya. Sau ɗaya tak."

"To ka gani. Ƙarfe takwas zan tsaya a ƙofar jami'a."

Ya zo. Ya sa farar riga, ya aske gemu, ya riƙo takarda shafi biyu da ya rubuta da Sinanci. Ni aka bar ni a benci a baranda, don ba ni da hurumin shiga. Ta cikin ƙofa ina jin muryarsa, ba na gane ko kalma, amma ya daɗe yana magana. Zayyad ya gaya mini abin da ya faɗa. Dogara ya ce shi ya tsara komai, shi ya karɓi katin, kuma a al'adarmu yaro ba ya iya mayar da babba hannu wofi, ya san da haka, ya yi amfani da shi. Bai ambaci sunan Alhasan ba. Da ni ce da na ambata. Malamar ma ta yi magana, ta kawo littafin shiga ɗakin gwaji, ta ce tun da ta tambayi yaron bai musa ba.

Bayan kwana shida hukunci ya fito. An cire ƙungiyar daga gasar, an dakatar da ita shekara biyu. An karɓe takardar shigar Dogara, ba zai sake taka harabar ba. Maganar izinin zamansa har yanzu bai ji komai ba, yana jira. Zayyad ba a kore shi ba. An rubuta masa gargaɗi mai tsanani a fayil, an ɗage kammala karatunsa zuwa Disamba. Abokansa za su sa rigar yaye a watan Yuni, shi yana kallo.

Zayyad ya kawo mini takardar hukuncin har masaukina, ya karanta mini ita da Hausa, layi bayan layi. Da ya gama ya ninke ta ya sa a aljihu.

Ya ce, "Gwaggo, don Allah idan kin koma kada ki gaya wa Umma. Zan ce mata aikin bincike ne ya ja."

Na ce, "A'a. Ƙaryar da aka yi da sunanka ta isa haka. Ta riga ta sayi atamfar da za ta sa a Yuni. Ko ka kira ta yanzu, ko ni in faɗa mata ranar da na sauka."

Ya daɗe yana juya wayar a hannunsa. Sannan ya nemo lambarta, ya fita baranda, ya ja ƙofa.