Likkafanin Gwaggo a Kan Teburin Soja

A shekarun nan da soja ke riƙe da ƙasa, matafiyi ba ya tamke kayansa da ƙarfi. Duk wanda ya saba bin hanyar Dapaong zuwa Sokodé ya san igiyar da ya ɗaure da safe sai an kwance ta sau da yawa kafin la'asar, saboda haka ɗaurin zarge ake yi, wanda ja ɗaya zai warware shi. Haka na taso na gani, ban kuma taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Gwaggona, yayar mahaifina, a zangon Dapaong take zaune. Aure ne ya kai ta can tun kafin a haife ni. Mijin ya rasu ya bar ta da gida da rumfar tuwo kusa da inda ake cinikin shanu, fatake da makiyaya su ne masu cin abincinta. Doguwar mace ce marar yawan magana. Ba ta da ɗa namiji a raye, don haka shekarar da ta yi niyyar aikin hajji, dangi suka zauna suka ce ni zan zama muharraminta. A lokacin ina ɗinki a unguwar Kpangalam da ke Sokodé, na yi aure, kuma na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, ina da Faransancin da zai tsayar da ni gaban jandarma.

Na hau mota na tafi ɗauko ta. Na tarar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, akwatin ƙarfe a buɗe gabanta, tana jera kaya. Mutanenmu a wancan zamani ba su yarda da abincin wata ƙasa ba. Garin rogo, yaji, daddawa, kuka, kilishi a naɗe cikin takardar siminti, gwangwanin man shanu da ta soya da kanta ta liƙe bakinsa da tsumma, sai tufafi. Amma abin da ya fara shiga akwatin, ya kwanta a can ƙasa, wani ƙunshi ne cikin tsohon zane. Ba ta ɓoye mini ba.

"Likkafanina ne," in ji ta. "In Allah ya karɓe ni a can, ga shi a hannu. In kuwa na dawo, na jiƙa shi da zamzam na kawo abina."

Tsofaffi da yawa haka suke yi. Na ce Allah ya ja kwana, ta ce amin, muka rufe akwati.

Hanyar ba ta zo da wani sabon abu ba. Kowane shinge ganguna biyu ne da itace a gicciye, sojoji suna zaune a inuwar mangwaro. A lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa ana shigowa da makamai ta kan iyaka, saboda haka binciken ya ɗan ƙara tsanani. A gadar da ke kusa da Mango aka ce kowa ya sauka, aka sauke kayan saman mota kaf, kowa ya tsaya kusa da nasa. Gwaggo tana da yadda take yi. Ba ta jira a ce ta buɗe ba. Sai ta ɗaga murfin, ta koma gefe ta zauna a kan dutse, ta zuba wa kogi ido kamar akwatin na wata ce. Sojan ya sunkuya, warin daddawa ya tare shi, ya ɗan tura hannu ta gefe, ya wuce gaba. Wani mutum da ke bayanmu bai yi sa'a ba, sai da aka kwance bayan rediyonsa aka leƙa ciki. Muka sake loda kaya muka ci gaba.

A Sokodé muka ɗan huta a gidana kafin maniyyata su haɗu a wuce Lomé. Matan unguwa suka yi ta shigowa yi wa Gwaggo sallama, kowacce da saƙon addu'arta, kowacce kuma da labarin da ta ji game da filin jirgi. Wata ta ce akwai ƙofar da ba ta da bango, in mutum ya bi ta ciki da mugun nufi sai ta yi kuka. Wata ta ce madubi ne da su mai ganin abin da ke cikin hanji. Wani malami maƙwabcina da ya taɓa zuwa ya ce ƙofar gaskiya ce, amma ƙarfe take ji ba nufi ba, sauran binciken kuwa da hannu ake yi, kamar na hanya, sai dai su ba sa gajiya. Gwaggo ta saurari kowa, ba ta sauya komai a akwatinta ba.

Ranar tashi aka tara mu a wani dogon zaure a filin jirgin Lomé, hoton shugaban ƙasa a bango, fankoki suna juyawa a sama ba sa kawo iska. An jera tebura, kowane tebur da soja ɗaya a bayansa, ga wani babba da suke kira shef yana kai da komowa, hannu a baya. Malamin ya yi gaskiya. A nan ba a tura hannu ta gefe. Komai sai an fito da shi an ajiye a fili.

Sojan da ya faɗo mana yaro ne matashi, siriri, kakin ya yi masa yawa a kafaɗa. Na gyara murya zan gaishe shi da Faransanci, sai ya dubi Gwaggo ya ce, "Mama, ka buɗe."

Hausarsa irin ta kasuwannin arewa ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa. Gwaggo ta buɗe. Babu dutsen zama a nan, sai ta tsaya.

Ya fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Ya soka sanda a garin rogo. Ya shinshina yaji ya yi atishawa. Ya ɗaga 'yar wuƙar da take yanka goro da ita ya nuna wa shef, shef ya kaɗa kai, aka jefa ta cikin wani kwali. Gwangwanin man shanu ma shef ya ce ba zai hau jirgi ba, zai narke ya ɓata kayan mutane. Na fassara wa Gwaggo. Ta ce in gaya masa ta liƙe bakin da kyau. Na gaya masa. Bai ko juyo ba. Aka ajiye gwangwanin a ƙarƙashin tebur.

Sai ƙunshin ƙasa. Sojan ya kwance tsohon zanen, farin yadi ya bayyana, a naɗe tsaf, yana ƙamshin kafur. Ya kama bakinsa ya fara warwarewa.

"Wannan fa, Mama? Na sayarwa ne?"

"A'a. Nawa ne."

"Riga za ka ɗinka?"

"Wanda za a sa ni ciki ne in na mutu."

Ya tsaya. Ya sake tambaya, ta sake faɗa masa da murya ɗaya, kamar tana gaya wa mai cin tuwo miyar da ta rage. Sai na ga ya saki yadin, ya ja da baya, ya goge tafin hannunsa a wando. Shef ya hango, ya zo ya tambayi abin da ya tsayar da layi. Sojan ya yi masa bayani ƙasa-ƙasa. Shef ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne an sha ɓoye abubuwa a cikin naɗin yadi, kuma umarnin da aka ba shi bai ware yadin matattu ba. A warware shi har ƙarshe.

Na so in yi magana. Gwaggo ta taɓa hannuna ta ce, "Bar shi, ɗana. Aikinsu ne."

Yaron ya dawo bakin tebur. Da yatsu biyu ya riƙa jan yadin, kamar mai taɓa abu mai zafi. Yadin yana da tsawo, teburin kuwa gajere ne, nan da nan bakinsa ya zarce ya nufi ƙasa, ga daɓen duk sawun takalma. Wani dattijo da ke bayanmu a layi, Bafulatani mai farin gemu, ya ajiye butarsa ya tare bakin kafin ya taɓa ƙasa. Da yadin ya ƙara tsawo sai ya miƙa wa na bayansa, shi ma ya miƙa wa wata mata. Ba wanda ya ce da kowa ya yi. Kafin a kai ƙarshe mutum biyar ko shida ne tsaye a jere, kowa ya tallafe rabonsa a hannu biyu, zauren ya ɗan yi shiru ban da ƙarar fankoki. Sojojin sauran teburan ma sun ɗaga kai suna kallo.

A tsakiyar naɗin aka sami ƙullin kafur da sabulu guda. Shef ya juya sabulun, ya shinshina, ya ajiye, ya ce a wuce.

Gwaggo ta karɓi bakin yadin daga hannun dattijon, ta yi masa godiya, ta ce da sauran su matso a hankali. Ita da matar nan suka ninke shi kamar yadda ake ninke zanen gado bayan wanki. Sojan yana tsaye, hannuwansa a sake, bai taya ba. Muka mayar da kaya, aka yi wa akwatin alama da alli, aka tura shi ciki. Da muka zo ƙofar da ake ta ba da labari, ta yi kuka a kan munduwar Gwaggo, wata mace mai kaki ta kai ta bayan labule ta laluba ta, suka fito. Ba a daɗe ba.

A ɗakin jira muka zauna kan benci. Gwaggo ba ta ce komai game da yadin ba. Man shanun ne ya tsaya mata a rai. Ta ce nonon shanu masu sabuwar haihuwa ta sa aka tara mata, ta ce da ta san haka ne da ta bar wa matata shi a Sokodé, yanzu ga shi matar wani shef za ta yi miya da shi. Tana cikin wannan sai ga sojan nan ya shigo, ba bindiga a hannunsa. Ya dudduba, ya gan mu, ya zo ya durƙusa a gefen bencin kamar mai gyara igiyar takalmi.

"Mama," ya ce, "a garinmu ba a taɓa kayan kabarin mutum tun yana da rai. Ni dole aka sa ni. Wani abu zai same ni?"

"Babu abin da zai same ka."

"Kai fa?"

"Ni ma babu, sai abin da Allah ya rubuta. Yadi ne kawai, a kasuwa na yanko shi. Sai na shiga ciki zai zama wani abu."

Bai tashi ba. Ta dube shi da kyau, ta tambaye shi daga ina yake. Ya ce daga wani ƙauye ne kusa da Naki-Est. Sai ta juya harshe zuwa Moba, yaren mutanen yankin, wanda ta koya a bakin rumfarta, ni kuwa ba na ji sai gaisuwa. Suka yi 'yar magana. Na ga yana gyaɗa kai, sau ɗaya ma ya yi murmushi. Wani ya kira shi daga waje, ya miƙe da sauri ya fita.

Na tambaye ta me ya ce. Ta ce uwarsa ce ba ta da lafiya, ƙafafu sun kumbura, ba a ba shi izinin zuwa ya gan ta ba. Ya roƙa in ta isa inda za ta, ta sa matar a addu'a, ko da yake su ba salla suke yi ba.

"Kin tambayi sunanta?"

"Ban tambaya ba. Wanda zan roƙa ya san ta."

Muka yi aikinmu muka dawo lafiya. Binciken dawowa bai kai na tafiya ba, 'yan duwan, wato kwastan, sun fi damuwa da masu agoguna da rediyo. Na raka ta har Dapaong, na kwana biyu, na koma kan keken ɗinkina.

Bayan wata da watanni na je gaishe ta, sai take gaya mini ta je Naki-Est ranar kasuwa, da 'yar kwalbar zamzam a ƙullin zanenta. Ta bi rumfunan masu dawa da masu tukwane tana tambayar matar da ɗanta soja ne a Lomé, mai ciwon ƙafa. Aka yi mata dariya, aka ce a wannan yanki gida nawa ne ba shi da ɗa a soja. An nuna mata mata uku. Ɗaya ɗanta a garin Kara yake. Ɗaya ƙafarta lafiya lau. Ta ukun tsohuwa ce da ke zaune a gindin ɗorawa tana sayar da gyaɗa, ƙafafunta a miƙe, a kumbure. Ta ce ɗanta soja ne a kudu, amma ba ta san ko a filin jirgi yake ba, ba ta ma san yana ganin jirgi ba.

Gwaggo ta ba ta kwalbar, ta ce ta riƙa ɗiga kaɗan a ruwan sha, ta shafa saura a ƙafa. Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, ta cika mata gefen zane da gyaɗa.

"To ita ce kuwa, Gwaggo?"

"Ina zan sani?" in ji ta. "Ƙafar dai a kumbure take."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta kawo mini gyaɗar a faranti. Ta riga ta soya ta da gishiri.