Rijiyar da Kwanon Alhaji Ya Cinye

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina aka yi ta. Duk sa'ad da na ji rediyo na cewa babbar ƙasa da ƙarama sun zauna sulhu a kan iyaka, sai in ci gaba da tsince shinkafata. Na san irin zaman.

Muna Ƙofar Kibo, bayan yaƙin basasa, zamanin da kuɗi suka shigo gari. Maigidana ya rasu ya bar mini ɗaki biyu da rijiyar da ya haƙa a gindin katangar da ta raba mu da maƙwabci. Da ruwanta nake wankau, da wankau nake ci da 'ya'yana. Maƙwabcin kuwa wani Alhaji ne ɗan kwangila.

A unguwarmu tun kaka da kakanni, inda indararon soro ya zubar da ruwa, nan ne iyakar gida. Sai Alhaji ya rushe soronsa, ya yi ginin bulo, ya rufa kwano, bakin kwanon ya tsallako katanga har kamu uku. Damina ta zo, ruwan kwano ya yi ta dukan katangar ƙasa har ta zube. Maginan Alhaji suka zo tayar da sabuwar katanga, suka ja igiyarsu ta bayan rijiyata, ta koma ɓangarensa.

Na kai kuka wurin mai unguwa. Ya taho da liman, da wani malamin safiyo mai awon filaye daga Wusasa. A zauren Alhaji aka zauna, a kan dardumarsa, ga lemo an jera. Ni ina durƙushe a bakin ƙofa.

Mai unguwa ya ce, "Baiwar Allah, inda ruwa ya zuba nan ne iyaka. Ko ba haka muka gada ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan indararo aka ce. In gobe ya ƙara falle ɗaya, ai a kan gadona zai zuba."

Alhaji ya yi murmushi. "Haba Iya, ni da ke ai duk ɗaya ne."

"To tun da ɗaya ne, bari in matso da tawa katangar cikin falonka."

Ba wanda ya yi dariya. Liman ya yi gyaran murya, ya jawo wa'azi a kan haƙƙin maƙwabtaka, kuma ni ya fuskanta har ya gama. Malamin safiyo ya auna nan, ya auna can, ya tambaye ni takarda. Wace takarda? Gidan ya girmi takarda.

Suka yanke: rijiya ta faɗa gidan Alhaji, amma zai bar mini 'yar ƙofa in riƙa ɗiba. Wai ba wanda aka kayar. Aka shafa fatiha, aka ce in yi godiya. Na yi, don ina da kayan mutane a jiƙe.

Damina biyu ƙofar ta yi. Da aka ja wa Alhaji famfo, sai ya cike rijiyar, ya yi wa motarsa gareji a kanta. Na koma wurin mai unguwa, ya ce, "Ƙofar rijiya aka yi miki alkawari. Yanzu babu rijiya, ƙofar me za ki nema?"

Mai unguwa ya je Makka a kujerar Alhaji. Masallacin liman ya sami rufin kwano. Malamin safiyo, in muka haɗu a kasuwa, sai ya sunkuyar da kai, shi kaɗai ke nan mai jin kunya a cikinsu. Alhaji ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da gidan. Ni kuwa na yi ta ɗauko ruwa a ka daga wata unguwa har wuyana ya ƙi, na sallami masu kawo wanki, na koma tuyar ƙuli-ƙuli.