Rahoton da Na Rubuta a kan Kafaɗar Kawu

Shekarar da na gama karatu a Paris, shugabar wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon Amurka da ke Vénissieux, kusa da Lyon, ta kira ni a waya. Ilimin auna motsin ƴan wasa na karanta. Buƙatarta ɗaya ce: in duba bidiyon wasanninsu na bana gaba ɗaya, in rubuta wa kwamiti ko mai jifansu zai iya ƙara shekara. A wannan wasa, mai jifa shi ne yake karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya zaɓi wanda zai jefa wa. In hannunsa ya gaza, ƙungiya duka ta gaza.

Mai jifan nan ƙanen mahaifiyata ne. Na gaya wa shugabar haka kafin in amsa, don kada a ce na ɓoye. Ta ce ta sani, shi ya sa ma ta zaɓe ni, ba wanda zai ce ƙiyayya ce ta sa.

Kawu ya zo daga Damagaram yana saurayi, ya koyi wasan a filin da ke bayan benayen unguwar Minguettes. Yana aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, in ya tashi sai ya zarce atisaye da jakarsa. Lokacin da wannan abu ya faru ya haura arba'in; ban tabbata da nawa ba, don haka ba zan faɗa ba.

Kowane jifa na kalle shi sau uku. Jifan kusa har yanzu babu kamarsa, kuma yana gane shirin abokan hamayya tun kafin su motsa. Amma jifan nesa ya fara kasawa. Ƙwallon takan yi lilo a sama har mai tsaro ya riga ɗan wasanmu isa gare ta. Kafaɗarsa ta dama ba ta buɗewa sosai, kuma bayan hutun rabin lokaci abin yakan ƙaru. Na nema masa uzuri iya nema. Na ware ranakun iska da ruwan sama, na ware inda masu kare shi suka bari aka danne shi, na sake dubawa. Babu abin da ya sauya. Na rubuta cewa ya dace ya sauka ya koma horarwa.

Da na zo Lyon, na haɗu da shi a unguwar Guillotière yana fitowa daga shagon nama.

"Ɗan Paris!" ya ce, ya dafa mini ƙeya. "An ce kai ne alƙalina bana. To, yaya ka ga tsohon?"

"Sai godiya, Kawu. A jifan kusa babu kamarka."

"Voilà, ka ji ko! Je ka faɗa wa waɗancan masu cewa na tsufa. Su da ko lemu ba su iya cafewa."

Ban yi masa ƙarya ba. Rabin gaskiya na ba shi, na riƙe rabin.

A gidanmu yaro ba ya kallon kawunsa ya ce masa ƙarfinka ya ƙare. Irin wannan magana ta bakin babba take bi. Saboda haka na zauna da Inna, yayarsa, na fassara mata rahoton layi bayan layi, na roƙe ta ta sanar da shi kafin taron kwamiti. Ta ce, "Bar ni da shi." Da na koma Paris na kira ta.

"Inna, kin ga Kawu?"

"Na yi masa magana."

Na yi godiya na ajiye waya. Ni da na kalli kowane jifa sau uku, ban tambaye ta ko sau ɗaya me ta ce masa ba, domin bin diddigin maganar uwa ma rashin kunya ne. Daga baya na ji abin da ta faɗa: ya riƙa hutawa, ya rage wahalar da jikinsa. Ita a ganinta ta isar da saƙo cikin mutunci. Shi kuwa shekara da shekaru yana jin wannan daga bakinta, dariya ya yi.

Ran Asabar da rana aka yi taron, a ɗakin canja kaya, ni ma na zo daga Paris. Kawu ya shigo da fara'a, yana tsokanar kowa. Shugabar ta karanta rahoton da Faransanci a gaban kwamiti da manyan ƴan wasa, aka haska bidiyon a bango. Muka kalli ƙwallo tana faɗuwa gajere, sau bayan sau. Kawu bai motsa ba. Da aka gama ya juyo wurina, ya yi Hausa, wadda mu biyu kaɗai ke ji a ɗakin.

"Kai ka rubuta?"

"Ni ne, Kawu."

"Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu."

"Na san babu. Kafaɗata ce, na riga ka sani. Da ka faɗa mini, da ni na zo na sauka da bakina, su tafa mini. Yanzu ka sa an sauke ni a gaban yaran da na koya wa riƙon ƙwallo."

Aka yi masa tayin horarwa, ya ƙi. Ya ɗauki jakarsa ya fita, bai sake taka filin ba. Inna ta ce laifina ne, wa ya aike ni rubuta wa bare sirrin ɗan'uwanta. Shugabar kuwa ta ce ba ta taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba.

In mun haɗu da Kawu lokacin Sallah yana amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyin Paris, kamar yadda ake yi wa baƙo. Na sake karanta rahoton sau da yawa ina neman kuskure ko guda ɗaya, wanda zan ɗauka in kai masa in ce na zalunce shi, ya yafe mini. Har yau ban samu ba.