Hauwa Ta Kori Babban Baƙo

Jama'a, yau Hauwa ta kori kansila a gaban idon firinsifal!

Zaman majalisar ɗalibai muka yi a makarantarmu. Hauwa, 'yar Fulanin nan ta Gitata, ita ce kakaki. Ni ce mai wakiltar Tudun Ƙofa. Ƙudurin da ke gabanmu: a hana sayar wa 'yan Abuja gonakin bakin titi. Wanda ya yi fice a muhawarar shi zai wakilce mu a gasar da za a yi a garin Lafiya.

Wani ɗan majalisa, Bulus, ya miƙe ya fara zuba bayani. Sai wayar babban baƙonmu, wani kansila, ta yi ƙara. Wallahi ya ɗauka! Da ƙarfi yake cewa, "E, filin yana nan, fuloti huɗu, bakin titi!"

Muka fashe da dariya. Bulus ya rikice, maganarsa ta ɓace.

Hauwa ta buga tebur. "Baba, a kashe waya."

Ya ɗaga mata hannu, wai ta jira.

Ta ce, "Ɗan sandan majalisa, fitar da shi!"

Firinsifal ya zaro ido yana ta girgiza mata kai. Ko kallonsa ba ta yi ba. Kansila ya tattara babbar rigarsa ya fice. Muka ce shi ke nan, Hauwa ta gama karatu.

Can sai ga kansila ya leƙo da kansa ta taga.

"Ranki ya daɗe, kakaki, ranar Litinin kina da lokaci? Ki zo zamanmu na kansiloli, namu shugaban ya shekara biyu bai iya sa kowa ya yi shiru ba."